Ranar Da Muka Binne Mma, Ƙanwata Tana Raba Kyauta A Talabijin

Ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, ta zauna a gaban kyamara ta gaya wa Gana baki ɗaya cewa na binne mahaifiyarmu ban gaya mata ba. Ƙarya ta yi mini. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce na tsaya kewaye-kewaye.

Assalamu alaikum mai shafi da duk masu karatu, Allah ya ƙara mana rufin asiri. Don Allah ka goge sunana da lambata kafin ka saka. Ku kuma masu sharhi, ku ji ni har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Zagi na sha wanda ya ishe ni a Nima, ba sai an aiko mini da ƙari daga Kano ko Yamai ba. Makaranta ban yi nisa ba, in kun ga magana ta karkace ku gyara a zuciyarku.

Ni haifaffen Nima ne, nan Ankara, babban birnin Gana. Na haura hamsin. Gyaran talabijin nake yi a wani ɗan shagon katako a hanyar da ta gangara Maamobi, tun zamanin masu ƙaton baya har aka zo waɗannan falalan da in suka fashe sai dai a yar. Ƙanwar tawa zan kira ta Azumi, don ba sunanta ba ne. In kun gane ta ku riƙe a cikinku. 'Yar wasan talabijin ce, kuma ita ke gabatar da shirin gasar nan da ake jera ƙorai a rufe, mutum ya amsa tambaya, ya zaɓi ƙwarya ɗaya, ita kuma ta ɗaga murya ta ce "Buɗe mu gani!" jama'a su amsa mata. Wani ya tafi gida da murhun gas, wani ya tafi da albasa guda ana masa dariya. To ku duba irin aikina. Duk akwatin da na gyara sai na kunna na gwada, kuma sau da yawa fuskar da ke fara fitowa tata ce. Wani in an ɓata masa rai sai ya canza hanya. Ni ina zan canza?

Babanmu ya rasu tana rarrafe. Mma, mahaifiyarmu, koko da ƙosai take sayarwa a bakin lungu, ni kuma na ajiye makaranta na shiga koyon aiki. Ba gori nake yi ba, haka ya kama. Azumi tun tana ƙarama bakinta ba ya rufuwa. A wasan Maulidi na makarantar unguwarmu ta taɓa fitowa a tsohuwa mai masifa a layin famfo, har Liman ya rufe fuska da gefen rawani yana dariya. Da ta gama sakandare ta ji ana neman 'yan wasa, ni na ɗauke ta a babur, na tsaya a rana ina riƙe mata jaka. Abin da suka fara ba ta 'yar aiki ce mai kawo ruwa a tire ta ajiye ta fita, ko magana babu. Ranar da aka nuna, Mma ta bar kaskon ƙosai a wuta ta rugo shagona, muka cika wurin har titi, duk don mu ga Azumi ta ajiye kofi ta juya baya. Mma ta rangaɗa guɗa kamar an ba ta kujerar Makka. Daga nan aka ba ta 'yar Zango, wato unguwar Hausawa irin tamu, mai sayar da wake da shinkafa a wani wasa da ake nunawa duk mako, mai zagin mai saye da yaren Tuwi, ta ba shi haƙuri da yaren Ga, in ya juya ta yi gulmarsa da Hausa. A nan ƙasar ta san ta.

Kawunnanmu suka taso daga Sabon Zongo da manyan riguna, wai a hana ta, 'yar Musulmi ba ta tsayawa duniya tana kallonta. Wa ya tsaya mata? Ni. Na ce musu, "Lokacin da muke kwana da koko ba ƙosai, ban ga rigar kowa a ƙofar nan ba." Har yau babbansu ba ya amsa gaisuwata da baki duka. Kuma ranar da aka ba ta shirin ƙoran nan, ni da bakina na ce mata, "Ke dai ki riƙe aikinki. Duk abin da ya taso a gida ina nan, kada ki waiwaya." Wannan maganar ce ke cina yanzu. Ni yoyon rufi nake nufi, da kai Mma asibiti, da rigimar mai gidan haya. Ina na san mutuwa za ta shiga ciki?

Mma ba ta jin Turanci, amma shirin bai taɓa wuce ta ba. Za ta zo shago ta duba akwatunan mutane ta ce, "Kunna mini wancan babban, mai shi ba zai sani ba." Ta zauna a benci tana yi wa 'yan gasa tsawa, "Ta hagu, sakarai, ta hagu!" In mutum ya buɗe ya tarar da albasa sai ta ce ai ta gaya masa. Abu ɗaya ta roƙe mu a duniya. Ta daɗe da sayen likkafaninta, ta naɗe shi a ƙasan kwalla da ɗan turare, kuma ta faɗa a gabanmu mu biyu, ba sau ɗaya ba: "Kai za ka sa ni a rami, Azumi za ta yi mini wanka. Ba na son baƙon hannu a jikina." Azumi takan ce, "Haba Mma, ki daina irin wannan magana." Mma ta ce, "Na dai faɗa." Ni kuma in muna mu kaɗai takan ce mini, "Ƙanwarka tana tsaye a inda kowa ke ganinta. Wanda ke can ba ya iya rufe bayansa, kai ne za ka rufe mata."

Da safe ta rasu. Ta yi Asuba, har ta dama koko, ta ce kanta na juyawa bari ta ɗan kishingiɗa. Matata ta shiga tayar da ita ta tarar an gama. Na kira Azumi, waya a kashe, kuma na san dalili. Abin da masu kallo ba su sani ba shi ne, shirin da kuke gani duk Asabar ba duk Asabar ake yinsa ba. Rana ɗaya suke hayar babban ɗakin ɗauka, su kwaso 'yan kallo a bas, su ɗauki na makonni da yawa a jere. In an gama ɗaya sai ta shiga ta canza riga da ɗankwali, ta fito ta ce barkanmu da wannan mako, alhali rana ɗaya ce, ko inuwa ba ta juya ba. Wayoyi kuwa duk an kashe an zuba a kwando. Ranar ɗauka ce ranar. Ban aiki kowa ba, ban gaya wa kowa ba, na hau babur na tafi da kaina.

Maigadi ya dubi silifas ɗina, ya kira ni da sunan da suke kiran Bahaushe, ya ce, "Aboci, ina zuwa?" Na ce uwata ta mutu, ƙanwata na ciki. Ya kira shugabar shirin, wata da suke ce wa Madam, Kirista ce, kuma ba zan ce muguwa ba ce. Ta dafe ƙirji ta ce, "Ao, sori, sori. Yaushe ne jana'izar?" Na ce yau. Ta ce, "Yau kamar yaya?" Na ce yau, bayan Azahar. Ta kalle ni kamar na ce za mu jefa tsohuwar a gota. Ta ce, "Ku kai ta firiji mana, dangi su zauna su sa rana, a buga hoto, a fitar da atamfa." Ban ga laifinta ba, haka suke yi, gawarsu takan yi watanni a asibiti kafin a gama shiri. Na ce, "Madam, mu ba ma barin mutum ya kwana. Kira mini ita."

Azumi ta fito da koriyar riga mai walƙiya, wayar makirufo na lilo a bayanta. Ta ce, "Yaya, lafiya?" Na ce, "Mma ta cika." Ta bi bango ta sulale ƙasa tana salati, ta yi kuka, kukan gaske, ba zan hana ta wannan ba. Na kama hannunta na ce, "Tashi, ga babur, mata na jiranki, ruwa na kan wuta." Ta tashi. Wallahi ta tashi, har ta biyo ni. Sai Madam ta ja ta gefe. In Turanci ya yi gudu ba na kama shi duka, amma na tsinci abin da na tsinta: mutane sun cika ɗaki, babban mutumin kamfanin da ke ɗaukar nauyin shirin yana zaune a gaba, ɗakin na yau kaɗai ne, sannan na ji ta ambaci sunan wata yarinya da ta daɗe tana harin kujerar. Tana cikin magana mai kwalliya har ta iso da auduga tana danna wa Azumi ƙasan ido kada kwalli ya zubo. Azumi ta dawo ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Yaya, saura biyu. Biyu kawai. Ka riƙe mini su, yanzu zan zo." Na ce, "Azumi, gawa ce fa, ba motar torotoro ba da za a ce direba ya jira." Ta ce, "Kai ka ce kada in waiwaya." Ban mare ta ba. Wani lokaci nakan ce da na mare ta na finciko ta, da yanzu duk mun huta. Kafin in tayar da babur na ji kiɗa ya tashi ta cikin bango, na ji muryar da na sani tun tana tsanyara a goyo ta ce, "Buɗe mu gani!"

Da na dawo ban shiga gida ba. Na tsaya a bakin lungu, daidai inda Mma ke kafa tebur, ina leƙa duk tasin da ta rage gudu. Har aka kira Azahar. Dole na shiga. Gida ya cika, kawunnan nan suna jere a benci da manyan rigunansu. Mma Adiza, tsohuwar maƙwabciyarmu kuma ƙawar Mma, wadda ita ke jagorantar wankan mata a lungunmu, ta fito ta naɗe hannun riga ta ce da ƙarfi, "Ina Azumi? Ruwa ya huce, an sake ɗorawa, ya sake hucewa." Kowa ya zuba mini ido. Me zan ce? In ce na same ta na gaya mata, ta koma tana raba murhun gas? A gaban mutanen da suka ce dama haka za ta ƙare? Sai na ji bakina ya ce, "Tana Kumasi. Sun tafi ɗauka can, wayarta a kashe." Liman ya yafito ni ya rage murya ya ce, "Ka tabbata? In tana gari a aika a ɗauko ta, haƙƙinta ne." Na ce, "Wallahi tana Kumasi, Malam." Na rantse da Allah a kan ƙarya, Mma tana kwance bayan labule. Wannan ne abin kunyar da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko matata, sai ita Azumi, sai ku yau.

Duk da haka na yi ta jan ƙafa. Na ce ba a gama haƙa ba, na ce akwai ɗan'uwa a hanya, har aka ɗaga zuwa La'asar. Ba ta zo ba. Mma Adiza da matata suka yi wankan. Baƙon hannu dai ya taɓa ta. Ni na cika nawa, na sauka rami na karɓe ta, ba ta da nauyi ko kaɗan. Amma ina zuba ƙasa ina tambayar kaina: da na faɗi gaskiya, da kawunnan nan ba su je sun tsaya a ƙofar wurin sun fito da ita ba? Da ta sha kunya ta rana ɗaya, amma da ta wanke uwarta. To wa ya hana Mma abin da ta roƙa, ita ko ni?

Bayan Magariba Azumi ta iso, da baƙar abaya, ƙyalƙyalin kwalliya bai gama fita a gefen idonta ba. Mata suka rungume ta suna cewa, "Sannu da hanya, Kumasi da nisa, Allah bai yi za ki same ta ba." Ta ɗago ta kalle ni ta saman kafaɗunsu. Ta gane abin da na yi. Daga ranar ba mu taɓa tayar da maganar ba. Sadakar arba'in ta kawo sa, ta kafa rumfuna har titi, kowa na cewa Mma ta haifi 'ya.

Sai aka fara nuna abin da suka ɗauka ranar. Mako na farko koriyar riga, na ce wannan kafin in iso ne. Mako na gaba ta fito da shuɗiyar riga da farin gyale, na san wannan ita ce ta bayan na gaya mata. Wata tsohuwa mai sayar da kayan miya ta ci murhun gas, Azumi ta kama ta suna rawa, ta rungume ta tana cewa "Mama, Mama." Na ja ƙofar shago na rufe, na kai fuskata jikin gilashi ina neman ko alama ɗaya. Murmushin bai karye ba. Muryar ba ta karye ba. Hannunta kawai na ga kamar yana rawa a kan murfin ƙwarya, kuma har yau ban sani ba, hannun ne ke rawa ko akwatin da nake gyara ne bai gyaru ba.

Shekaru suka wuce a haka. Ta ƙara girma, hotonta ya hau manyan alluna a bakin titi, 'yan matan Zango suna ɗaura ɗankwali irin nata. Da Sallah takan aiko da shinkafa da mai, mu gaisa a waya, yaya yara, yaya aiki. Na haɗiye abina. Na ce Mma ta ce in rufe, na rufe.

Watan jiya gidan talabijin ɗinsu ya shirya hira da ita don murnar daɗewarta a aiki. Ina shago, akwai mutane, akwatin a kunne. Mai tambayar tsohon ma'aikacin wurin ne, yana ta yabonta, sai ya ce, "Ina tuna ranar da mahaifiyarki ta rasu, kina cikin ginin nan kina ɗauka. Yaya kika iya?" Na ga fuskarta ta tsaya. Ni na san wannan fuskar, ita take yi tun tana yarinya in an kama ta da hannu a kaskon ƙosai. Tana iya cewa komai. Tana iya yin kuka ta ce a wuce wurin. Sai ta ce, "Ban sani ba. Babu wanda ya gaya mini. Ina nan, tsakanina da Nima ba nisa, yayana ya binne ta kafin rana ta faɗi. Sai dawowa na yi na tarar da tabarmi a shimfiɗe." Mutumin ya zaro ido ya ce, "A ranar? Ba ki nan?" 'Yan kallo suka yi "Ei!" Ita kuwa ba ta ce musu haka duk Musulmi ke binne nasa ba. Ta sani sarai, a Nima aka yanke mata cibiya. Ta bar su suka tafi da shi a haka.

Daga nan wuta ta kama ni ta gefe biyu. Waɗanda ba Musulmi ba suna ganina dabba, wanda ya tura uwarsa rami da gaggawa kamar yana ɓoye wani abu. Wannan bai dame ni sosai ba, ba su san mu ba. Amma mutanen Zango sun san binnewa a ranar ba laifi ba ne, abin da suka tuna shi ne Kumasi. "Ashe tana gari! Ashe ƙarya ya yi mana, har da rantsuwa!" Suka haɗa da kansu suka ce hassada ce, wai na ga ƙanwa ta wuce ni na rama a kan gawa. Guntun hirar ya shiga wayar kowa. Wani ya zo ya ɗauke talabijin ɗinsa baya a buɗe, ya ce in zuba masa kusoshin a hannu. Matata ta je Kasuwar Malam Atta, mai tumatir ta tambaye ta ko ita ma in uwarta ta mutu haka zan yi mata. Samari in sun wuce shagon sai su yi ihu, "Buɗe mu gani!" su kwashe da dariya. Babban kawun nan da ya ce a hana ta wasa, yau shi ke yawo yana cewa an zalunci 'yarsa. 'Yarsa! Duk wannan na iya ɗauka. Wanda ya karya ni Mma Adiza ce. Ta tako da sanda har ƙofar shago, ba ta shigo ba, ta ce, "Ka sa na taɓa jikin ƙawata 'yarta tana gari. Ta gaya mini da bakinta ba ta son baƙon hannu. Ni na riƙe ka ranar sunanka." Ta juya.

Yanzu Liman, wanda ya tsufa har sai an riƙe shi, ya aiko aka kira ni. Ya ce, "Ni ka rantse wa. Ranar Juma'a in an sauko ka zo zaure, dattawa za su zauna, ka gaya mana abin da ya sa." To ga inda nake. In na faɗi gaskiya na wanku, amma Azumi ta gama. Kamfani ya ajiye ta ko kada ya ajiye ta, wannan nasu ne. Amma 'yar Zangon da aka gaya wa uwarta ta mutu ta shiga ta canza riga, babu gidan da zai sake shimfiɗa mata tabarma daga Nima har Sabon Zongo, kuma duk uban da 'yarsa ta ce tana son aikin talabijin, da sunan Azumi zai rufe mata baki. In kuma na yi shiru, ni ne mutumin da ya hana ƙanwarsa wanke uwarsu, da wannan sunan za a ɗauke ni a makara, da shi za a riƙa nuna 'ya'yana. Kuma tunda na ce zan faɗi komai, bari in faɗa: akwai wani wuri a zuciyata da ke son ya ga ta faɗo. Yana nan, ina jinsa. Shi ya sa ban yarda da kaina ba. In na yi magana ranar Juma'a, gaskiya ce za ta yi maganar ko wannan wurin?

Shekaranjiya da rana Azumi ta zo shago. Ta ajiye mota nesa, ta lulluɓe da ƙaton gyale da baƙin tabarau, ta shigo ta zauna a kan wani mataccen akwati. Ta ce, "Yaya, ka rame." Na ce, "Ke kuma talabijin na ƙara miki ƙiba." Ta cire tabarau, idon ya kumbura. Ta ce, "Rutsa ni ya yi, ban shirya ba. Me kake so in ce a gaban duniya?" Na ce, "Ki yi shiru ki yi kuka, ai kin iya kuka." Ta ce, "Kai ka fara. Ni na ce ka ce Kumasi?" Wannan ta shige ni, don gaskiya ce. Na ɗauka haƙuri ta zo bayarwa, wallahi da ta ce "Yaya ka yafe mini" da ban san abin da zai rage na fushina ba. Sai ta ce sun yi magana da Madam, akwai hanyar gyarawa. Za a shirya shiri na musamman, na sulhu. A ɗinka mini sabon kaftani, in zo in zauna in ce baƙin ciki ne ya ruɗa ni ranar, in nemi gafararta, ita kuma ta yafe mini, mu rungumi juna, mutane su yi kuka. Ta ce, "Sunanka zai gyaru, Yaya. Har shagon za a nuna." Na yi dariyar da ban yi ba tun rasuwar Mma. Na ce, "Wace riga za ki sa?"

Na gaya mata abin da na gaya mata, ta mayar da tabarau ta fita. Shi ya sa na kawo muku, Juma'a na matsowa. Ga maganar yadda na faɗe ta a fuskarta, kuma tambayar da ke ƙarshenta ku ma ita nake yi muku, don Allah wanda zai amsa ya amsa tsakaninsa da Allah:

"Azumi, na rantse a kan ƙarya Mma tana kwance bayan labule, don kada a tofa miki yawu. Wannan zunubin nawa ne, ban ce ki taya ni ɗauka ba. Amma ba zan zauna a gaban kyamara in nemi gafararki a kan abin da ke kika yi ba, ko kaftanin na zinariya ne. Koriya kika sa da na gaya miki, shuɗiya kika sa ana yi mata wanka. Ranar Juma'a Liman zai tambaye ni. In na buɗe baki ba ki da sauran gida a Nima, in na rufe ni ne ba ni da shi. Mma ta ce in rufe miki baya, ba ta gaya mini yadda zan yi ba in ke kika yaye nawa. Ke da aikinki tambayar mutane a gaban jama'a, yau ki amsa mini guda ɗaya, babu kiɗa, babu tafi: ni yayanki, me zan yi?"